Abin da Ɗigo Ta Faɗa da Hannu

Jama'a, kafin ku fara zagina a ƙasan rubutun nan, ku bari in kai aya. Na san wasunku za su ce wace irin uwa ce wannan. Ni ma na tambayi kaina haka ya fi a ƙirga, ba sai kun taya ni ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: 'yata ɗaya, shekararta uku da wata biyu. Ɗigo muke ce mata, domin ranar da aka haife ta Mama ta leƙa cikin tawul ta ce, "Wannan ɗigon ne ya ba ki wahala haka?" Sunan ya bi ta. Mahaifinta ya rasu tana wata biyar, na tattara na dawo gidanmu, ɗakin da na yi 'yammatanci. Ɗigo tana ji sarai, ko ledar biskit ka taɓa a kicin sai ka gan ta a bakin ƙofa. Magana ce dai ta ƙi zuwa. Kalma uku gare ta a duniya: "Ma", "zo", da "a'a".

Bara na kai ta asibitin yara, aka haɗa ni da likitar magana. Matar nan ta zauna a ƙasa, daidai tsayin Ɗigo, ta ce, "Ci," tana kai tsinin yatsunta baki. Ta ce, "Ƙari," tana haɗa yatsun hannu biyu. Ta ce min duk kalmar da zan faɗa in haɗa ta da alamarta, baki da hannu tare, kuma in tabbata yarinyar tana kallon fuskata. Na ce, "Likita, ba zai sa ta bar bakin gaba ɗaya ba?" Ta yi dariya ta ce hannun ne zai riƙe wa bakin hanya har ya iso. Da zan fita ta ƙara da cewa, "Amma duk wanda yake zama da ita a gida ya koya. Kin ji? Kowa da kowa."

Na ce to. Wannan "to" ɗin ce babban zunubina.

Na gwada fa, kada ku ce ban gwada ba. Ranar farko a falo na ce, "Ruwa," na yi alamar. Mama ta sauke gilashinta kan hanci.

"Me nake gani?"

"Likita ce ta ce..."

"Maganar kurame za ki koya mata a gidana? Yaron da ya samu hannu me zai yi da baki? Yayanki sai da ya shekara huɗu ya yi magana, yanzu wa yake iya rufe masa baki?"

Akwai abin da bakin Mama bai faɗa ba, amma duk mun san shi. Wani ya taɓa neman aurena, maganar har ta yi nisa. Ƙanwar uwarsa ta zo gidan, ta yi ta jan Ɗigo da wasa, yarinya ba um ba um-um. Bayan sati aka aiko wai irin wannan abin a jini yake. Tun daga nan Mama ta kafa doka: duk wanda ya tambaya, Ɗigo kunya gare ta.

Sai na mayar da makarantar banɗaki. Lokacin wanka in kulle ƙofa, in saki famfo, in tsuguna gabanta. Wata takwas muna haka. Ta iya alama ashirin da bakwai, na rubuta su a bayan littafin awonta. Ihun da take yi da birgima a ƙasa ya ragu, har Mama tana cewa addu'arta ce ta ci. Idan Ɗigo ta yi mantuwa ta ɗaga hannu a falo, Mama ta buge hannun, ni kuma in sunkuyar da kai kamar ban gani ba. A gidan mutum bakwai, ni kaɗai nake jin yaren 'yata.

Sai ga Malam. Malamin tuƙi ne, a wurinsa na koyi mota. Dogo, mai sanyin murya, mutumin da bai taɓa wuce arba'in a kan titi ba ko da hanya fayau take. Ranar da na hau kan dutsen gefen titi da motarsa cewa kawai ya yi, "Ɗalibata, dutsen nan bai yi miki laifin komai ba." Wata bakwai muna tare. Sau uku yana tambayata, "Wai Ɗigo ba za ta gaishe ni ba?" sau uku ina cewa kunya. Wallahi ina son mutumin nan, son da har tsoro yake ba ni, shi ya sa kullum nake cewa gobe zan faɗa masa.

Ranar Asabar ɗin nan ya ce zai kai ni in gaishe da yayarsa, Hajiya, wadda ta riƙe shi tun rasuwar iyayensu. Tun safe gidanmu ya rikice. Mama ta sa na canza kaya sau uku, aka tsaya kan doguwar riga ruwan toka mai ƙananan duwatsu a wuya, da mayafi fari sol. Auta, ƙanwata, ta zana min gira tana cewa in daina motsi kamar an kai akuya wanka. Anti, matar Yayanmu, ta ara min jakarta mai sarƙa.

A bakin ƙofa Mama ta riƙe hannuna. "Ki sa wayar nan a shiru. Kada ki je gidan mutane kina latse-latse. Kuma in an tambayi yarinya, kin san amsa."

Ɗigo ta riƙe gefen rigata. Na waiga, babu mai kallo, na yi mata alamar "zan dawo" da sauri a ɓoye. Ta sake ni.

Falon Hajiya irin wanda kake jin kunyar takawa ne. Kujeru ruwan madara da leda a hannayensu, labule har ƙasa, agogon bango mai ƙara kamar yana ƙirga laifinka. Ta ajiye min lemo da kek a faranti mai bakin zinare, ta zauna tana ƙare min kallo tun daga ɗankunne har takalmi. Malam yana can kujerar nesa yana murmushi shi kaɗai.

"An ce kina da 'yar yarinya."

"Eh, Hajiya."

"Ai da kin zo da ita. Shekara uku, lokacin surutu ke nan, ko? Nawa a wannan shekarun har ciwon kai suke sa ni."

"Kunya gare ta, Hajiya."

Na ji ƙaryar ta fita sumul, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Muka yi ta hira, aikina a shagon buga takardu, rasuwar mijina, ciwon ƙafarta. Da ta tashi ɗauko hoton iyayensu ta nuna min, na ce bari in saci kallon waya.

Saƙo tara a zauren hirar 'yan gidanmu na waya. Auta ta tura bidiyo, ta rubuta a ƙasa: "Ku zo ku ga sabuwar rawar Ɗigo." Yaya ya sa fuskokin dariya guda biyar. Anti ta rubuta, "Wannan yarinya sai Allah." An tura shi ƙarfe uku da minti goma. Agogon Hajiya ya nuna huɗu saura kwata.

Na danna, ba murya. Ɗigo tana tsaye gaban kujerar Mama. Ta murza yatsa a tafin hannunta. Ta kai yatsu baki. Ta juya tafukanta biyu sama. Sannan ta haɗa manunan yatsunta a kan cikinta, tana bugawa. Ta sake daga farko, ta sake, tana leƙa fuskar Mama. Hannun Mama ya shigo hoton ya buge nata.

Ba rawa ba ce, jama'a. Magani. Ci. Ya ƙare. Ciwo.

Mama tana da hawan jini da ciwon suga. Yatsunta ba sa iya ɓare ƙwayoyi daga takardarsu, don haka duk farkon wata Auta take ɓare mata su gaba ɗaya ta zuba a wani tsohon gwangwanin alewa. Gwangwanin alewa! Yana zama a ƙarƙashin matashin kujerarta.

Ban san na miƙe ba sai da na ji kofin lemo ya tarwatse a ƙasa. Hajiya ta fito da hoto a hannu tana salati.

"Malam, mota. Don Allah, mota!"

Bai tambaye ni komai ba, ya zari makulli. Takalmina ɗaya a falon Hajiya na bar shi.

A mota na kira Auta, har sau biyu ina kuskure lambar.

"Amarya, ya gidan su..."

"Ina gwangwanin maganin Mama?"

"Me?"

"Ki duba gwangwanin, Auta, don girman Allah!"

Na ji takunta, na ji ana jan kujera. Sai muryarta ta dawo siririya. "Yana bayan labule. A buɗe yake. Wasu sun zube."

"Ɗigo fa?"

"Ta kwanta a kan kafet... Yaya, jikinta duk gumi ne. Sanyi ƙalau."

"Ku ɗauko ta ku fito bakin titi, ke da Mama, da gwangwanin. Kada ku bar ta ta yi barci!"

Motar tana ta shaƙewa, tana tafiya tana turjewa. Malam ya ce, "Ɗauke ƙafarki." Motar koyarwa ce, akwai birki na biyu a gefen da nake zaune, ashe na taka shi da dukan ƙarfina ban sani ba. Na janye ƙafa. Mutumin da bai taɓa wuce arba'in ba, na ga allura ta haura tamanin.

"Wa ya gaya miki ta sha magani?" Idonsa yana kan titi.

"Ita ta faɗa. A bidiyon."

"Na ɗauka ba ta magana gaban mutane."

"Ba ta magana gaban kowa, Malam. Ba ta magana. Da hannu take yi, ni kaɗai na iya."

Muka wuce shataletale biyu. Na ga jijiyar gefen wuyansa ta tashi.

"Za mu yi wannan maganar," ya ce. "Ba yanzu ba."

Suna tsaye a bakin titi, Mama ko mayafi babu, ta yafa zanin gado. Anti aka bari da gida. Na karɓi Ɗigo, kanta ya langaɓe a kafaɗata kamar tsumma. Ina jijjiga ta ina kiran sunanta, ta buɗe ido ta lumshe. Mama tana ta faɗin, "Yanzu fa take wasa, yanzun nan take ta rawarta." Na mai da hankalina kan Ɗigo, domin in na buɗe baki abin da zai fito ba na 'ya da uwa ba ne.

A ɗakin gaggawa aka kwantar da ita kan wani gado mai shimfiɗar roba. Likitan, wani siriri mai furfura a gemu, ya juye gwangwanin a faranti. Ƙwayoyi iri biyu, farare da masu ruwan hoda.

"Wanne ta sha? Guda nawa suka rage jiya?"

Mama ta dubi Auta, Auta ta dubi ƙasa. Wa yake ƙirga ƙwayar wata guda a gwangwani?

Ya sunkuya kan Ɗigo. "'Yan mata, wanne kika sha?"

"Kunya gare..." Mama ta fara, sai maganar ta maƙale mata.

Na durƙusa a gaban gadon, daidai fuskarta. Ga Mama, ga Malam a bakin labule, ga ma'aikatan jinya biyu. Na ɗauki fara na sa a tafin dama, mai ruwan hoda a hagu, sai na tuna ina buƙatar hannuwan. Na ajiye su a kan zanin gadon.

"Ɗigo, kalle ni. Magani." Na murza yatsa a tafi. "Ci." Na kai yatsu baki. "Wanne?"

Idonta yana rufewa. Na hura mata iska a fuska, na sake, baki da hannu tare. Hannunta ya taso a hankali, yana rawa, ya sauka kan mai ruwan hoda.

"Ɗaya?" Na ɗaga yatsa.

Ta haɗa yatsun hannu biyu. Ƙari.

"Na suga ne, kuma ya fi ɗaya," na ce.

Dama an riga an tsaga mata yatsa. Likitan ya dubi 'yar na'urar awon suga, fuskarsa ta canza, ya ba da umarni da sauri. Aka nemi jijiya, aka ɗaura ruwa, aka ɗaure hannun hagunta a kan wani ɗan katako don kada ta lanƙwasa. Ya ce irin wannan ƙwayar ko guda ɗaya tana iya kayar da sugan yaro, kuma tana daɗewa a jiki, sai an kwana ana aunawa. "Da kun ƙara awa ɗaya kuna cewa barci take..." Bai ƙarasa ba, ya ce mu jira a waje.

Barandar tana da kujerun ƙarfe a jere da warin maganin goge ƙasa. Mama ta zauna a can ƙarshe, ta rufe fuska da zanin gadon, kafaɗunta suna rawa. Can na ji ta ce, ba da kowa take ba, "Sau huɗu ta zo gabana. Sau huɗu ina buge hannun." Auta ta goge bidiyon daga zauren, kamar hakan zai goge wani abu.

Wayata ta yi haske. Hajiya ce, Malam ya taɓa ba ta lambata: "Lafiya kika fita haka? Ga takalminki nan." Na kife wayar. Wayar Malam ma sai ruri take a aljihunsa, yana kashewa.

Ya zauna, ya bar kujera ɗaya tsakaninmu. Wannan kujerar ta fi min zagi ciwo.

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

"Sau uku na tambaye ki."

"Na sani."

"Kin ɗauka in na ji zan gudu."

"An taɓa gudu, Malam."

Ya murza goshinsa. "Rashin maganarta bai dame ni ba, Allah ya sani. Yarinya ce, kuma yau na ga ta fi mu duka hankali. Abin da ya tsaya min shi ne wata bakwai kina kallon cikin idona kina faɗin abin da ba shi ba. Yau kuma kin faɗa wa Hajiya, a gabana."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, ni kuma na zo ƙarshen nawa da takalmi ƙafa ɗaya. Ina tsoron ya tashi ya tafi, ina tsoron labulen can ya buɗe a ce min wani abu, ban san wanne tsoron zan fara ji ba. Muka zauna haka har hasken tagar barandar ya fara yin ja.

Labulen ya buɗe. Ma'aikaciyar jinya ce.

"Ina uwar yarinyar? Ta farka, sugan ya hau. Amma tana ta wani abu da hannu, ta ƙi kwanciya. Zo ki gaya mana me take so."

Na shiga da gudu, su Mama a bayana. Ɗigo tana zaune, idonta tar, gashinta ya manne a goshi. Ta gan ni ta ce, "Ma!" Na rungume ta ina kuka, amma ta ture ni. Ture ni fa ta yi. Ta ɗora hannun dama a kan wanda aka ɗaure da katako, tana kaɗa su gefe da gefe.

"Hannun ne yake ciwo? Ciwo?" Na yi alamar.

"A'a."

"In ɗauke ki?"

"A'a! A'a!"

Katakon ya hana hannun lanƙwasa, alamar ta fito a karkace, na kasa karantawa. Ta fara kuka don haushi, irin kukan da ta daina tun bara. Na riƙe fuskarta. "Yi a hankali. Ina kallo. Sake."

Ta murza yatsa a tafin da ke kan katako. Magani. Ta kai yatsu baki. Ci. Sannan ta nuna ƙirjinta ta girgiza kai, wato ba kanta take nufi ba, ta sake ɗora hannu kan hannu tana kaɗawa, kamar mai rarrashi.

Sai na gane.

Jariri. Alamar jariri ce. Jariri ɗaya ne a gidanmu, ɗan Yaya, watansa goma, ya fara rarrafe. Ɗigo ba ta cin komai ba ta sa masa a baki ba, ko ɓallin biskit ne. Mu muka koya mata, har tafi muke mata in ta yi.

"Jariri ya ci?" Na yi alamun biyu, muryata ba tawa ba.

Ta gyaɗa kai, ta sauke ajiyar zuciya, ta kwanta. An ji ta.

"Me ta ce?" Mama ta damƙi kafaɗata. "Ke, me ta ce?"

Malam bai jira fassara ba. Fuskata kawai ya kalla, na ji ƙarar makulli da gudunsa a baranda. Likitan ya ce, "Akwai wani yaron a gidan?" Ni kuwa na riga na danna lambar Anti. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sau biyar.

"Hello, ya jikin Ɗigo? Tun ɗazu nake..."

"Anti, ina yaron?"

"Lafiyarsa ƙalau, barci yake. Wallahi yau ya ba ni hutu, tun kafin su Mama su fita ko juyi bai yi ba, har wanki na gama na..."

"Tashe shi."

"Haba, in ya tashi yanzu ai..."

"Anti, ki tashe shi! Yanzu!"

Na ji ta ajiye bokiti. Na ji silifas ɗinta a kan siminti, ƙofar ɗaki ta yi ƙara. Mama ta zube a ƙasa kusa da ƙafata, ta riƙe gefen rigata. Na manna wayar a kunne har tana min zafi.

"Yarona," na ji Anti tana cewa, da 'yar dariya a muryarta. "Tashi, sarkin barci."

Shiru.

"Yarona? Kai, tashi mana."